Babi na Shida: Yaro a Kan Katifa, Iyaye a Kan Benci

A watan Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe gonakin masara na jihar Iowa da ke tsakiyar Amurka, ƙananan garuruwa da dama sukan zama wayam na 'yan kwanaki. Jama'a sun ɗunguma zuwa Des Moines, babban birnin jihar, kallon gasar kokawa ta 'yan sakandare. Akan shimfiɗa katifu takwas a jere a tsakiyar babban zauren wasanni, kowace da nata alƙalin, kowace da yara biyu da suka sarƙe da juna. A sama kuwa, kan benci, mutanen kowane gari sun haɗu wuri guda cikin riguna masu launin makarantarsu. Akwai kakanni da sanduna, akwai jarirai a hannu, akwai iyaye mata da ke rufe fuska da tafin hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu.

Wanda ya saba da kokawarmu ta bayan kaka, ko gasar takobi ta Nijar, ya san cewa da zarar an kai mutum ƙasa zance ya ƙare, sai kiɗa da kirari. A kokawar makarantun Amurka kai mutum ƙasa somin-taɓi ne. Ana yin turmi uku, kowane na minti biyu. Wanda ya kayar da abokin karawarsa ya hau kansa yana samun maki uku (biyu ne kafin a sauya dokar a 2024). Wanda ya zame daga ƙasa ya miƙe yana da maki ɗaya, wanda ya juya ya koma sama yana da biyu. Idan aka danne wa yaro kafaɗu biyu a katifa har daƙiƙa biyu, alƙali ya buga tafinsa a ƙasa, wasa ya tashi ko da saura lokaci. Haka nan idan tazarar maki ta kai 15. Ana raba yaran gwargwadon nauyi, daga masu kilo 48 har zuwa masu kilo 129, don haka ɗan tsurut yana da hanyar zama zakaran jiha daidai da ƙato. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, samari fiye da 290,000 da 'yan mata fiye da 64,000 ne suka yi wannan wasa a makarantun sakandaren ƙasar.

A ƙwallon ƙafa, idan an sha kashi, mutum goma sha ɗaya ne za su raba kunyar. A nan babu wanda za a raba da shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai tsaya a tsakiyar da'ira, a gaban duk wanda ya san shi, alƙali ya riƙe hannunsa a ƙasa ya ɗaga na wani. Sannan dole ya gaisa da wanda ya kayar da shi, ya je ya gaisa da kocin wancan ɓangaren, kafin ya samu lungun da zai yi kuka. Shi ya sa Amurkawa ke ɗaukar kokawa a matsayin wasan mutum shi kaɗai. Ni kuwa, duk lokacin da na bi tarihin wani zakara, sai in tarar da gida cike da mutane a bayansa, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kokawar kan juyo ta biya gidan da wani abu da ba su ƙulla da shi ba.

Mu fara da ɗawainiyar, don ita ce ba a gani a hoto. Kakar wasa tana farawa a Nuwamba ta ƙare a Fabrairu ko farkon Maris, wato tsakiyar hunturu. Kullum bayan an tashi daga aji akwai atisaye na kusan awa biyu a ɗaki mai zafi. Kayan da yaro ya dawo da su jiƙe da gumi sai an wanke su a daren, domin makero da sauran cututtukan fata suna yaɗuwa ta katifa, kuma kafin kowace gasa ana duba jikin kowane yaro; tabo ɗaya ya isa a hana shi shiga. Ranar Asabar gasa ce ta yini guda. Za a tashi tun duhun asuba, a kankare ƙanƙara daga gilashin mota, a yi tafiyar awa ɗaya ko biyu don a riski awo. Yaran za su jeru, kowa ya hau sikeli, wanda ya haura ko da ɗan kaɗan ne ba zai yi wasa a ajinsa ba. Da an sauka daga sikeli sai kowa ya nufi wurin mahaifiyarsa, ita kuma ta buɗe akwatin sanyi: ruwa, ayaba, burodi da zuma, abin da cikin da ya kwana da yunwa zai iya karɓa. Daga nan sai zaman jira a kan bencin katako. Uwa za ta iya yin awa goma a zaune don ta ga ɗanta ya yi wasa na minti goma sha takwas, idan ya yi sa'a ke nan. Sauran lokacin tana wurin sayar da abinci na ƙungiyar iyaye, wadda da ribarta ake sayen sababbin katifu da biyan kuɗin masauki.

Babban bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba da kuma Kirsimeti duk a cikin kakar kokawa suke faɗowa. Dangi sun taru, tebur ya cika da talotalo da kayan zaƙi, yaro yana zaune da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a faranti. Gidaje da yawa sukan sauya girkinsu gaba ɗaya na wata huɗu don kada a bar shi shi kaɗai da haɗiyar yawu. Wannan ƙaramin abu ne a faɗe, amma duk wanda ya taɓa hana kansa abin da yake so don wani na gida ya san ba ƙarami ba ne.

Babu inda wannan lamari ya fito fili kamar a gidan su Dan Gable, wanda har gobe shi ne sunan da ake fara ambata idan ana zancen kokawa a Amurka. An haife shi a 1948 a Waterloo, garin masana'antu a Iowa, inda kamfanin John Deere ke ƙera taraktoci. Su biyu ne wurin iyayensu, Mack da Katie: shi da yayarsa Diane. Yaro ne mai ƙiriniya, shi ya sa aka tura shi wasanni tun da wuri, har ya yi fice a ninƙaya kafin kokawa ta janye shi. Da mahaifinsa ya ga inda zuciyarsa ta karkata, sai ya shimfiɗa masa katifa a ɗakin ƙarƙashin gidan, ya ajiye ƙarafan ɗagawa. A makarantar West High ya faɗa hannun Bob Siddens, kocin da ya ci wa makarantar kofin jiha sau 11. A farkon 1964 Dan ya zama zakaran jiha a ajin kilo 43, yana ɗan shekara 15.

Bayan 'yan watanni, a ƙarshen Mayu, ya bi iyayensa kamun kifi a bakin kogin Mississippi. Diane, mai shekara 19, ta tsaya a gida da niyyar ta same su washegari. Ba ta zo ba. Wani matashi ɗan unguwarsu ya shiga gidan da dare, ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta. A hanyar komawa ne Dan ya tuna cewa wannan matashin ya taɓa faɗa masa wata mummunar magana game da yayarsa makonni kaɗan kafin nan, shi kuma ya ɗauke ta shirmen samari bai gaya wa kowa ba. A cikin motar ya gaya wa iyayensa. Da wannan bayanin aka kama matashin, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma a kurkuku ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kan biyo bayan irin wannan musiba a gidaje da yawa. Iyayen ba su son komawa gidan. Dan ne ya nace sai sun koma. Da suka koma, ɗakin Diane ya zauna a rufe, babu mai shiga. Dare ya yi, sai shaye-shaye da cacar baki, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Gable ya sha ba da labarin daren da ya ji faɗan ya kai maƙura, ya tashi ya kwashi kayan shimfiɗarsa ya tare a ɗakin yayarsa. Daga nan kuma ya duƙufa a kan kokawa da wani irin naci da ya ba kowa tsoro. Ya ce ya yi haka ne don ya sama wa iyayensa abin da za su riƙa kallo, abin da zai sa su fita daga gida tare, su zauna a benci ɗaya, su yi ihu saboda abu ɗaya. Kuma haka aka yi. Mack da Katie suka zama ba sa fashin wasansa. Auren da ya kusa tarwatsewa ya tsaya.

Ya gama sakandare a 1966 da karawa 64 ba tare da an kayar da shi ko sau ɗaya ba, da kambun jiha uku. A Jami'ar Jiha ta Iowa da ke Ames ya ɗora daga inda ya tsaya, ya ci karawa 117 a jere.

Idan aka tsaya a nan, labarin ya yi daɗi ƙwarai: iyaye sun riƙe ɗa, ɗa ya riƙe iyaye. Amma akwai ranar 28 ga Maris, 1970. Karawarsa ce ta ƙarshe a matsayin ɗalibi, wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasa a Evanston, jihar Illinois. Wani matashi daga Jami'ar Washington mai suna Larry Owings ya rage nauyinsa da gangan don ya sauko ajin Gable, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa wa 'yan jarida cewa don ya kayar da shi ya zo. Ya kuwa kayar da shi, da maki 13 da 11. Bayan nasara 181 a jere tun daga sakandare, aka ɗaga hannun wani. Da Gable ya hau mumbarin karɓar lambar wanda ya zo na biyu, kansa a sunkuye, jama'ar zauren suka miƙe suna yi masa tafi. Daga baya ya bayyana cewa da farko kasa haɗa ido ya yi da iyayensa, don yana ganin ya ba su kunya, alhali ya san su ba haka suke gani ba.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Ga iyayen da ba su taɓa cewa sai ya ci ba, ga ɗan da ya san haka, amma duk da haka nauyin ya danne shi. Yaron da ya fahimci cewa nasararsa ce ke riƙe da farin cikin gida ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, ko da babu wanda ya ɗora masa. To ina ga wanda aka ɗora wa da gangan? A ganina a nan ne ake gane goyon baya na gaskiya. Ranar nasara kowa dangi ne. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a kokawa miyar takan ƙare ne a cikin mota, a hanyar komawa gida bayan an sha kaye, lokacin da yaro ya jingina kai da gilashi yana jiran ya ji abin da zai fara fitowa daga bakin mahaifinsa.

Gable ya samu gidan da ya karɓe shi yadda ya dawo. Ya koma atisaye, ya gyara kurakuran da Owings ya tona, ya zama zakaran duniya a 1971. A wasannin Olamfik na 1972 a Munich ya yi karawa shida a ajin kilo 68, da gwiwa mai ciwo da ɗinki a saman ido, ya ɗauki zinare ba tare da an ci shi ko maki ɗaya ba. Shi da kansa yakan ce kayen da Owings ya yi masa ne ya mai da shi abin da ya zama. Daga 1976 zuwa 1997 ya horar da Jami'ar Iowa, ya ci mata kofin ƙasa sau 15.

Ba kowane yaro ke samun irin wannan gida ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. A kowace gasa za ka ga uban da ya durƙusa a bakin katifa, jijiyoyin wuya a tashe, yana yi wa ɗan shekara goma sha huɗu tsawa kamar wanda ya ci bashinsa. Sau da yawa shi ma tsohon ɗan kokawa ne da bai kai inda ya so ba, yana neman ya ƙarasa tafiyarsa da ƙafafun ɗansa. Masu horarwa sun san ƙarshen irin waɗannan yara: ranar da suka samu ikon cewa a'a, sai su ajiye takalman, wani lokaci har da zumuncin.

Inda abin ya fi haɗari shi ne wajen rage nauyi. Dabarar a bayyane take: idan ka sauko aji ɗaya, za ka kara da waɗanda ka fi girman jiki. Saboda haka shekara da shekaru yara suna hana kansu abinci da ruwa, suna gudu cikin rigunan roba a ɗaki mai zafi, suna tofar da yawu a kofi a cikin aji don su zubar da ɗan abin da ya rage kafin awo. An ɗauki wannan a matsayin jarumtaka, har sai da 1997 ta zo. Tsakanin 7 ga Nuwamba da 9 ga Disamba na wannan shekara, 'yan kokawa uku na jami'o'i daban-daban suka mutu suna ƙoƙarin kai nauyin da ake buƙata: Billy Saylor ɗan shekara 19, Joseph LaRosa ɗan 22, da Jeff Reese ɗan 21. Ɗaliban jami'a ne, amma hanyoyin da suka bi su ne dai waɗanda aka saba da su tun daga sakandare. Bayan haka aka tsaurara doka. Tun daga kakar 2006 zuwa 2007, ana gwada kowane ɗan sakandare a farkon kaka: a tabbatar jikinsa na da isasshen ruwa, a auna kitsensa, a ƙayyade masa ajin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Namiji ba zai gaza kashi 7 cikin ɗari na kitse ba, mace kashi 12, kuma ba a yarda mutum ya zubar da fiye da kashi ɗaya da rabi na nauyinsa a mako ba.

Dokar ta ceci rayuka. Amma doka ba ta kwana a gida. Koci yana ganin yaro awa biyu a rana. Wanda ya san ko ya ci abincin dare, ko yana tashi tsakar dare yana gudu da riguna uku, ko laɓɓansa sun bushe sun tsage, shi ne wanda ke zaune da shi. Uwar da ta dubi ɗanta ta ce wa koci wannan yaron ba zai sauka aji ba, ko da ƙungiya za ta rasa maki, ta yi masa hidimar da ta fi duk ihun da za ta yi a benci.

Ga kuma wani abu da ya kamata a faɗa a fili: babu kuɗi a wannan wasa. Ba shi da babbar gasar ƙwararru irin ta ƙwallon kwando. Jami'o'in rukuni na farko da ke da ƙungiyar kokawa ba su kai ɗari ba, kuma shekaru da dama ƙa'idar ita ce kowace ƙungiya ba ta wuce tallafin karatu 9.9 ba, wanda ake gutsuttsura wa mutum kusan talatin. Cikin dubban ɗaruruwan yaran nan, kaɗan ne ƙwarai za su yi karatu kyauta saboda kokawa. Uban da ke lissafin man mota da kuɗin masauki a matsayin jarin da zai dawo ya yi kuskuren kasuwa. Abin da ke dawowa daban ne. Awoyi ne masu yawa a mota da matashi, a shekarun da yawancin matasa ke rufe ƙofar ɗaki su daina magana da kowa. Ganin ɗanka ne a ranar da ya fi kowace rana muni a wurinsa, da kuma shi ya ga cewa ka gan shi haka kuma ba ka sauya masa fuska ba. A wasan gida na ƙarshe na kowace kaka, makarantu kan kira 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tako tsakiyar katifa da iyayensa a gefe, a miƙa wa uwa fure. Wanda ya ci kofi da wanda bai taɓa ci ba duk tafiyar ɗaya suke yi.

A wasu gidajen kokawa gado ce. Cael Sanderson, wanda ya yi karawa 159 a jami'a ba a kayar da shi ba, ya kuma ci zinare a Olamfik na 2004, mahaifinsa Steve ne kocinsa a sakandaren Wasatch ta jihar Utah, kuma duk 'yan'uwansa maza uku 'yan kokawa ne. Gidan Smith na Del City a Oklahoma ya fitar da John, mai zinaren Olamfik biyu a 1988 da 1992, da ƙanensa Pat, wanda ya fara cin gasar jami'o'in ƙasa sau huɗu. 'Yan mata ma da yawa ta ƙofar 'yan'uwansu maza suka shigo. Helen Maroulis tana 'yar shekara bakwai aka sa ta ta riƙa yi wa ƙanenta abokiyar atisaye. A 2016 ta kayar da Saori Yoshida ta Japan, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinaren Olamfik a kokawa. A 2006 Michaela Hutchison ta Alaska ta zama yarinya ta farko da ta ci kambun jiha a gasar da take karawa da maza, a gidan da yayyenta ma zakaru ne. Akwai kuma namu, Kamaru Usman, wanda aka haifa a Auchi ta jihar Edo, aka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara takwas. A sakandaren Bowie da ke Arlington ta jihar Texas ya koyi kokawa, ya zo na uku a jiha a shekararsa ta ƙarshe, ya ci gasar ƙasa ta jami'o'in rukuni na biyu a 2010. A wannan shekarar ce aka ɗaure mahaifinsa. Sai a Afrilun 2021, bayan an sake shi, uban ya samu zama a bakin fili ya ga ɗansa ya kare kambunsa na UFC, gasar faɗan ƙwararru da ya koma bayan kokawa, ɗan kuma ya ɗaura masa ɗamarar a ƙugu.

Amma labarin da na fi so shi ne na gidan da babu gado, babu katifa a ɗakin ƙasa, babu ma uban da zai saya. A 1988 wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Judy ta haifi ɗa namiji a California, ba shi da ƙafar dama tun daga ƙugu. Ta sa masa suna Anthony. An yi masa ƙafar roba yana ƙarami, ya cire ya yar tun yana ɗan shekara uku, ita kuma ba ta tilasta masa ba. Ba ta kuma raine shi a matsayin abin tausayi ba: ya hau keke, ya yi wasa da tsaransa, ya yi aikin gida kamar sauran 'ya'yanta.

Anthony Robles yana ɗan shekara 14 ya fara kokawa, lokacin da suka koma Mesa a jihar Arizona. Shekararsa ta farko ya ci biyar, an kayar da shi takwas. Yana tsalle da ƙafa ɗaya zuwa tsakiyar katifa, wasu na tafi don tausayi, wasu na kau da kai. Shi da masu horar da shi suka zauna suka ƙirƙiro salon da ya dace da jikinsa. Da an busa usur sai ya zube ƙasa a kan gwiwa da hannuwa, inda abokin karawa ba shi da ƙafar da zai kama, kuma dole ya sunkuyo ya same shi. Shekarun da ya yi yana dogara sanduna sun ba hannuwansa wani irin ƙarfin riƙo. Idan ya damƙi wuyan hannun mutum, sai ya yi ta mirgina shi yana tara maki. A shekaru biyunsa na ƙarshe a sakandare ya yi karawa 96 ba a kayar da shi ba, ya ci kambun jiha sau biyu.

Duk da haka manyan jami'o'in kokawa ba su yi rububinsa ba. Ya shiga Jami'ar Jiha ta Arizona, kusa da gida. Yana can ne al'amura suka dagule: mijin mahaifiyarsa ya fice ya bar ta da ƙananan yara, ita ta kwanta rashin lafiya, gidan da suke ciki ya suɓuce saboda bashi. Anthony shi ne babba, don haka ya yanke shawarar barin kokawa ya nemi aiki. A irin wannan hali babu wanda zai zargi uwa idan ta ce to. Judy ta ƙi. Ta ce ya ci gaba da karatunsa da wasansa. Ya samu aikin dare na wanke jiragen sama yana taimaka mata da abin da ya samu, da safe ya tafi aji, da yamma ya hau katifa.

A watan Maris na 2011, a birnin Philadelphia, ya kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasa a ajin kilo 57. Abokin karawarsa shi ne Matt McDonough, mai riƙe da kambun, ɗan Jami'ar Iowa, wanda kocinsa Tom Brands almajirin Dan Gable ne. Robles ya miƙa sandunansa a bakin katifa, ya yi tsalle zuwa tsakiya, ya zube a kan gwiwarsa. Tun a turmin farko ya kama wuyan hannun McDonough ya mirgina shi, ya yi masa tazarar da ba ta sake rufuwa ba. Aka tashi 7 da 1, ya kammala kakar da nasara 36 babu kaye, mahaifiyarsa na cikin 'yan kallo tana kuka. Wannan ce karawarsa ta ƙarshe. Judy kuwa, wadda haihuwa ta katse wa karatu tana 'yar shekara 16, ta koma aji a wannan jami'ar da ɗanta ya gama, ta yi digiri, ta ɗora wani a kai, ta kuma kama aiki a cikinta.